Right (kalmar Turanci)

"Right" kalma ce ta harshen Turanci da ake furtawa /raɪt/, wato kusan "rait" idan aka bi ƙa'idar rubutun Hausa. Tana cikin kalmomin da aka fi yawan amfani da su a harshen, kuma tana shiga jimla a matsayin suna, sifa, bayanau ko aikatau. Manyan ma'anoninta uku ne: daidai, hannun dama, da haƙƙi ko 'yanci.

Akwai wasu kalmomi uku da ake furta su tamkar ita, ba tare da wani bambanci ba. Su ne "write", wato rubuta. "Rite", wato tsararren aikin ibada ko na al'ada. Da "wright", wato mai ƙera wani abu. Irin waɗannan kalmomi da sautinsu ya zo ɗaya amma ma'anarsu ta bambanta ana kiran su "homophones", daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "ɗaya" da "sauti". Kalmomin huɗu ba ma'anoni huɗu ne na kalma ɗaya ba. Kowacce da tarihinta, kuma shekaru ɗari bakwai da suka wuce kowacce da furucinta. Furucin ne ya sauya har suka haɗe, rubutun kuwa ya tsaya kusan inda yake.

Asalin kalmar

A Tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila tun wajen ƙarni na 5 zuwa farkon ƙarni na 12, ana rubuta kalmar "riht" ko "reht". Ma'anarta ta farko ita ce miƙaƙƙe, abin da bai karkace ba. Daga nan ta yaɗu zuwa abin da ya dace, abin da yake na gaskiya, da abin da doka ta amince da shi. Tana da 'yan uwa a sauran harsunan dangin Jamusanci: "recht" a Jamusanci da harshen Holan, "rätt" a harshen Suwidin.

Masana tarihin harshe sun mayar da ita ga wata tsohuwar saiwa ta dangin harsunan Indiya da Turai, wadda ke nufin miƙewa ko tafiya a kan layi. Daga wannan saiwa Latin ya sami "rectus", miƙaƙƙe, da "rex", sarki, wato mai miƙar da al'amuran jama'a. Ta hanyar Latin ne kalmomi irin su "correct", "direct", "rectangle" da "regal" suka shigo Turanci, don haka dukkansu dangin "right" ne na nesa.

Ma'anar hannun dama ta zo daga baya. A Tsohon Turanci kalmar da ake kiran hannun dama da ita ita ce "swithra", ma'ana wanda ya fi ƙarfi. A farkon ƙarni na 12 ne "right" ta fara maye gurbinta, bisa tunanin cewa shi ne hannun da ya dace a yi aiki da shi. Wannan haɗuwar ma'anoni ba a Turanci kaɗai ta faru ba. A Faransanci "droit" na nufin miƙaƙƙe, da na dama, da haƙƙi, da ilimin shari'a, haka ma "derecho" a Sifaniyanci.

Ma'anoni da amfani

Daidai

A matsayin sifa, "right" na nufin abin da ya yi daidai da gaskiya ko da abin da ake bukata, kuma kishiyarta ita ce "wrong". Jimlar "Your answer is right" na nufin amsarka daidai ce. "You are right" na nufin kana da gaskiya. "The right time" shi ne lokacin da ya dace. Tana kuma ɗaukar ma'anar kyawun hali, kamar a "It is not right to cheat", wato bai kamata a yi maguɗi ba. Idan aka ce "right and wrong" ana nufin abin da ya dace da wanda bai dace ba.

Hannun dama

A wannan ma'ana kishiyarta ita ce "left", hagu. Ana cewa "right hand", hannun dama, da "turn right", yi dama. "Right-hand man" shi ne mutumin da shugaba ya fi dogara da shi, daidai da yadda Bahaushe ke cewa na hannun dama.

A harkar sufuri akwai maganganu biyu da ake yawan cakuɗawa. "Right-hand traffic" shi ne tsarin da motoci ke bin gefen dama na titi. "Right-hand drive" kuwa mota ce mai sitiyari a dama, wadda aka ƙera don ƙasashen da ke bin gefen hagu, irin su Birtaniya, Japan da Indiya. Najeriya ta gaji tuƙin hannun hagu daga Turawan mulkin mallaka, ta koma hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, domin ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar, Benin da Kamaru. Ghana ta yi irin wannan sauyi a 1974.

Haƙƙi da 'yanci

A matsayin suna, "a right" shi ne abin da doka ko adalci ya ba mutum ikon samu ko aikatawa. Yawanci kalmar "to" ce ke biye da ita: "the right to vote", 'yancin jefa ƙuri'a, "the right to life", haƙƙin rayuwa. Jam'inta "rights" ya fito a sunayen manyan takardun tarihi. Majalisar dokokin Ingila ta gabatar wa Sarki Charles na Ɗaya "Petition of Right" a 1628, ta kuma zartar da "Bill of Rights" a 1689. A Amurka, gyare-gyare goma na farko da aka yi wa tsarin mulki, waɗanda aka tabbatar a 1791, su ma "Bill of Rights" ake kiran su. Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Duniya a birnin Paris ranar 10 ga Disamba, 1948, mai sassa 30. A tsarin mulkin Najeriya na 1999, Babi na Huɗu mai taken "Fundamental Rights" ya ƙunshi sashe na 33 zuwa na 46, inda aka zayyana haƙƙin rayuwa, mutunci, shari'ar adalci, addini da faɗin albarkacin baki.

A nan mai fassara zuwa Hausa yakan zaɓi tsakanin "haƙƙi", "'yanci", "iko" da "dama", gwargwadon wurin. "Human rights" haƙƙin ɗan Adam ne, amma "You have no right to enter" ya fi dacewa da "ba ka da ikon shiga". Kalmar "haƙƙi" kanta aro ce daga Larabci, inda take nufin gaskiya da kuma abin da mutum ya cancanta, ma'anoni biyu da "right" ita ma ta haɗa.

Siyasa

"The Right" na nufin ɓangaren masu ra'ayin riƙau, "the Left" kuma masu ra'ayin sauyi. Asalin wannan rabo tsarin zama ne a Majalisar Ƙasa ta Faransa a 1789, lokacin juyin juya hali. Masu goyon bayan ikon sarki sun zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu neman rage ikonsa suka zauna a hagunsa. Daga nan aka sami "right wing" da "far right". Wannan amfani ba ya nufin cewa ra'ayin ɓangaren shi ne daidai, wurin zama kawai yake nunawa. A ƙwallon ƙafa kuma "right wing" gefen dama ne na 'yan gaba, ba ruwansa da siyasa.

Lissafi

"Right angle" kusurwa ce mai digiri 90. Fassara ce ta Latin "angulus rectus", kuma tsohuwar ma'anar miƙewa ce ta wanzu a cikinta: layi ɗaya ya tsaya cak a kan ɗaya. Ba ta da alaƙa da hannun dama, shi ya sa babu wata kusurwa da ake kira "left angle".

Bayanau da aikatau

A matsayin bayanau, "right" na ƙarfafa wuri ko lokaci. "Right here" nan ɗin nan ne, "right now" yanzu-yanzu, "right away" nan take, "right in the middle" tsakiya cif. Tana kuma nufin yadda ya kamata, kamar a "Do it right". A cikin laƙabi tana nufin matuƙa: "Right Honourable", da ake taƙaitawa "Rt. Hon.", laƙabi ne da ake sa wa firaministan Birtaniya, kuma a Najeriya ana sa wa kakakin majalisa. "Right Reverend" laƙabin bishop ne a cocin Angilika.

A matsayin aikatau tana nufin gyara ko tayar da abin da ya kife. "To right a wrong" shi ne gyara zaluncin da aka yi. "The boat righted itself" na nufin kwalekwalen ya daidaita bayan ya karkata.

A cikin hira

A magana ta yau da kullum "right" na yin aikin da "to" da "ko" ke yi a Hausa. Idan ta zo a farkon jimla tana buɗe sabon zance: "Right, let us begin", wato to, mu fara. Idan ta zo a ƙarshe da muryar tambaya tana neman tabbaci: "You are coming, right?", wato za ka zo, ko? "Yeah, right" kuwa, idan aka ja ta da muryar gatse, tana nufin ban yarda ba.

Yawan ma'anonin nan yana iya jawo ruɗani mai haɗari. Direba ya tambaya "Do I turn left?", mai nuna hanya ya amsa "Right". Yana iya nufin e, haka ne, yana kuma iya nufin a'a, dama za ka yi. "The right leg" na iya zama ƙafar dama, yana kuma iya zama ƙafar da ake nufi, kuma a ɗakin tiyata bambancin ba ƙarami ba ne. Saboda haka a wuraren da kuskure ke da tsada ake kauce wa kalmar idan ana nufin amincewa. Matuƙa jirgin sama kan ce "affirm" don e, ma'aikatan jirgin ruwa kuma suna da kalmominsu na gefen jirgi, "starboard" don dama da "port" don hagu.

Kalmomin da suka yi tarayya da ita a furuci

Write

"Write" aikatau ne mai nufin rubuta. Ya fito daga Tsohon Turanci "writan", wanda asalinsa ke nufin karta ko zana da abu mai kaifi, domin mutanen farko na dangin Jamusawa suna karta haruffansu ne a jikin itace, ƙashi da dutse. Ɗan uwansa a Jamusanci, "reißen", har yau yana nufin yaga. Yawancin harsunan yammacin Turai sun ari kalmar rubutu daga Latin "scribere", kamar "schreiben" a Jamusanci da "écrire" a Faransanci, amma Turanci ya riƙe tasa.

Aikatau ne da ba ya bin ƙa'idar "-ed": "write", "wrote", "written". Ana ninka harafin t a "written" saboda wasalin gajere ne, ba a ninka shi a "writing" saboda wasalin tagwai ne. Rubuta "writting" na cikin kurakuran da ɗalibai suka fi yi. Daga wannan saiwa aka sami "writer", marubuci, da "writ", rubutaccen umarnin kotu.

Rite

"Rite" suna ne da ya shigo Turanci a ƙarni na 14 daga Latin "ritus". Yana nufin aikin ibada ko na al'ada da ake gudanarwa bisa tsari sananne. "Funeral rites" su ne hidimomin jana'iza, "marriage rites" al'adun aure, "the rites of Hajj" kuma ayyukan Hajji. Kalmar "ritual" danginta ce. "Rite of passage" shi ne bikin da ke nuna mutum ya tashi daga wani matsayi na rayuwa zuwa wani, kamar suna, kaciya, saukar karatu ko aure. Fassara ce daga Faransanci, daga littafin masanin al'adu Arnold van Gennep mai suna "Les rites de passage", wanda ya fito a 1909.

Wright

"Wright" suna ne daga Tsohon Turanci "wyrhta" ko "wryhta", ma'aikaci ko mai ƙira, kuma dangin "work" ne. A yau da wuya a ji shi shi kaɗai, sai a ƙarshen harɗaɗɗun sunayen sana'a: "shipwright", mai ƙera jirgin ruwa, "wheelwright", mai ƙera ƙafafun amalanke, "playwright", mai tsara wasan kwaikwayo. Kamar yadda ake kiran Bahaushe Maƙeri ko Majemi da sana'ar gidansu, haka wannan kalma ta zama sunan iyali a Ingila: Wright, Cartwright, Wainwright, Arkwright. Cikin masu wannan suna akwai 'yan uwan nan biyu, Orville da Wilbur Wright, waɗanda suka tashi da jirgin sama mai inji kusa da Kitty Hawk a Amurka ranar 17 ga Disamba, 1903, da Ian Wright, tsohon ɗan wasan gaba na Arsenal.

Yadda furucinsu ya haɗe

Wajen shekarar 1300, wanda ya ji kalmomin huɗu ba zai cakuɗa su ba. Ana furta w ɗin da ke farkon "write" da "wright". Haruffan gh na "right" da "wright" suna wakiltar wani sauti na gogar iska a ganɗa, irin wanda ake ji a "recht" na Jamusanci, mai kama da harafin "kha" na Larabci amma ya fi shi taushi. Wasalin "right" da "wright" gajeren i ne, na "write" da "rite" kuma dogon i, kamar na farkon kalmar Hausa "riga". Sauye-sauye huɗu ne suka share waɗannan bambance-bambance.

Na farko, wasalin e na ƙarshen kalma ya daina fita a baki wajen shekarar 1400, amma aka ci gaba da rubuta shi. Daga baya ya zama alamar cewa wasalin da ke gabansa dogo ne.

Na biyu, sautin gh ya ɓace a Turancin kudancin Ingila tsakanin ƙarni na 15 da na 17. Da ya faɗi, wasalin da ke gabansa ya ƙara tsawo, sai "right" ta zama ɗaya da "rite". Haka ya faru da "night", "light" da "fight". A wasu kalmomin sautin bai ɓace ba, ya koma f, kamar a "laugh" da "enough". A harshen Scots na Sikotilan tsohon sautin yana nan, ana cewa "richt" da "nicht".

Na uku, tsakanin wajen 1400 da 1700 dukkan dogayen wasulan Turanci sun sauya wurin furuci. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmark, Otto Jespersen, shi ya raɗa wa wannan al'amari sunan "Great Vowel Shift", wato babban sauyin wasula. A cikinsa dogon i ya rikiɗe a hankali ya zama tagwan wasali "ai".

Na huɗu, w da ke gaban r ya daina fita a ƙarni na 17. Da wannan "write" ta haɗe da "rite", "wright" ta haɗe da "right". Sauyin nan ne ya haɗa "wrap" da "rap", "wring" da "ring", da "wrote" da "rote".

Rubutu bai bi furuci ba saboda ya riga ya fara kafuwa. William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a Westminster a 1476, lokacin da sauye-sauyen ba su kammala ba, kuma masu ɗab'in da suka biyo baya sun riƙe siffofin da suka tarar. Ƙamus na Samuel Johnson na 1755 ya ƙara tabbatar da su. Noah Webster, wanda ƙamus ɗinsa na 1828 ya yaɗa rubutun Amurka irin "color" da "center", bai kawar da bambancin kalmomin huɗu ba, don haka rubutunsu ɗaya ne a Birtaniya da Amurka. Har ma akwai kalmar da aka cusa wa gh ba tare da ta taɓa samun sautin ba: "delight" ta fito daga Faransanci, ana rubuta ta "delite", sai a ƙarni na 16 aka kwaikwayi "light" aka sauya ta.

Inda ake yawan kuskure

"Copyright" haƙƙin mallakar aikin fasaha ne, wato ikon kwafar littafi, waƙa ko fim. Dokar farko a kansa ita ce wadda Birtaniya ta yi a 1710, zamanin Sarauniya Anne. Tun da haƙƙi ake nufi, "right" ce a ƙarshenta, kuma siffar da ta shuɗe ita ce "copyrighted", ba "copywritten" ba. "Copywriter" kalma ce dabam, mai rubuta kalaman talla.

"Playwright" ana yawan rubuta ta "playwrite", domin mai aikin rubutu yake yi. Amma kalmar ta ɗauke shi a matsayin maƙerin wasa, kamar maƙerin jirgi. Sunan sana'ar kuwa "playwriting" ne, da "write".

"Rite of passage" da "right of passage" dukansu Turanci ne ingantacce, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Na farko biki ne, na biyu ikon wucewa ta ƙasa ko ruwan wani, kamar yadda dokar teku ta ba jiragen ruwa damar ratsa ruwan wata ƙasa cikin lumana. Haka "last rites", addu'o'in da limamin Katolika ke yi wa mai gargarar mutuwa, ba a rubuta su "last rights".

"All right" ita ce siffar da kowa ya amince da ita. "Alright" ta yaɗu sosai a rubutun yau da kullum, amma editoci da malamai da yawa ba sa karɓar ta a rubutun hukuma ko na jarrabawa.

A sunayen kasuwanci akan rubuta "rite" da gangan a maimakon "right", kamar a Shoprite, kamfanin manyan kantuna na Afirka ta Kudu, da Rite Aid na Amurka. Salon talla ne, irin na "lite" da "nite", ba ƙa'idar rubutu ba.

Kwatanci da Hausa

Matsalar mai karatun Hausa kishiyar ta mai rubutun Turanci ce. Rubutun boko na Hausa yana bin furuci, kusan kowane harafi da sautinsa, don haka da wuya a sami kalmomi biyu masu furuci ɗaya da rubutu dabam. Amma rubutun ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalmomin da kunne ke bambancewa sukan zo iri ɗaya a takarda. "Gari" na iya zama wurin zaman jama'a ko abin da ake tuƙa tuwo da shi. "Kuka" na iya zama na hawaye ko itaciyar da ake miya da ganyenta. "Dama" kanta na iya zama kishiyar hagu, ko zarafi, ko abin da ake yi wa fura. A Hausa kunne ke raba abin da ido ya haɗa, a Turanci ido ke raba abin da kunne ya haɗa. A duka biyun, sauran kalmomin jimla ne ke warware ma'ana. Ɗaliban da ke karatu da Faransanci a Nijar, Kamaru da Cadi suna gamuwa da irin matsalar Turanci a kalmomi kamar "vert", "verre", "ver" da "vers".

Ta fuskar furuci, tagwan wasalin "ai" ba baƙo ba ne ga Bahaushe, yana cikin "rai" da "kai". Abin da yake baƙo shi ne baƙi ya rufe gaɓar da ke ɗauke da shi. Hausa ba ta yarda da haka ba, shi ya sa "rai" ke komawa "ran" a "ranka ya daɗe", "kai" kuma ke komawa "kan" a "kansa". Saboda wannan mai koyo yakan so ya ƙara wasali bayan t. Wani kuma, da ya ga bambancin rubutu, yakan yi ƙoƙarin furta w ko gh don ya raba kalmomin. A daidaitaccen Turanci babu wannan bambanci, furucin kalmomin huɗu ɗaya ne.

Yadda ake bambancewa

Tun da kunne ba ya taimakawa, nahawu da ma'ana ake dubawa. Idan kalmar aiki ce da ake yi da alƙalami ko madannin kwamfuta, kuma za a iya mayar da ita "wrote" a lokacin da ya shuɗe, to "write" ce. Idan za a iya sa "ceremony" a gurbinta ma'ana ba ta lalace ba, "rite" ce. Idan ta zo a ƙarshen sunan mai sana'a ko a sunan mutum, "wright" ce. Duk sauran wurare na "right" ne, kuma ita kaɗai ce cikin huɗun ke zama sifa ko bayanau. Jimlar "The playwright has the right to write about the rite" ta tara su duka, ma'anarta kuwa marubucin wasan kwaikwayon yana da 'yancin yin rubutu a kan bikin.

Haɗuwar furucin tana bin kalmomin zuwa wasu siffofinsu: "rights", "writes", "rites" da "wrights" sautinsu ɗaya, haka "righting" da "writing". Ta rabu a lokacin da ya shuɗe, inda ake da "righted" da "wrote".

Manhajar duba rubutu da ke gwada kalma da ƙamus kawai ba ta kama wannan kuskure, domin kowacce daga cikin huɗun kalma ce ingantacciya. Manhajojin da ke mayar da magana rubutu kuwa suna zaɓe ne ta hanyar duba kalmomin da ke kewaye, kuma sukan yi kuskure idan jimlar gajera ce ko sunan mutum ne. A jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO a Najeriya, takardar gwajin furuci tana neman ɗalibi ya gano kalmomin da sautinsu ya zo ɗaya ko da rubutunsu ya bambanta, a takardar insha'i kuma rubuta ɗaya a gurbin ɗaya kuskuren rubutu ne da ake rage maki a kansa.